Kwana Uku a Kan Keke Tsakanin Kaltungo da Duwatsun Tula

Garin Gombe a cikin kwari yake, saboda haka duk mai son motsa jiki da keke yakan nufi hawan da ke kan hanyar Bauchi ta wajen Tumfure, ko kuma ya yi gabas ta wajen Liji. Na shekara 2 ina yin haka bayan sallar asuba, amma ban taɓa dawowa gida hankalina a kwance ba, domin a kan kwalta mai keke shi ne ƙarami, kuma tirela da tanka da 'yan acaɓa duk shi suke matse wa har sai ya sauka bakin titi, inda yashi da fasassun kwalabe suke taruwa. Ranar da iskar wata tirela mai gangarowa ta kusa jefa ni cikin lambatu, na ƙudura a raina cewa sai na nemi inda zan hau keke ba tare da ina waiwaye ba.

Wani abokin aikina ɗan asalin Tula, a ƙaramar hukumar Kaltungo, shi ne ya ba ni labarin hanyoyin ƙafa da suka haɗa ƙauyukan gindin dutse da garuruwan da ke bisa tudu. Ya ce tun kafin a yi titin mota mutanensu suke bin su da kaya a ka, kuma har yanzu manoma da mata masu ɗiban itace ba su daina ba, sai dai ya ja kunnena da cewa kada in je da damina, saboda laka da cikar rafuka da kuma amfanin gona da ke rufe hanya. Ya ce in jira a gama kaka. Da wannan shawara muka tsayar da makon farko na watan Disamba, ni da ƙanena wanda ya gama hidimar ƙasa bai riga ya sami aiki ba, lokacin da an yanke dawa, ƙasa ta bushe, hunturu kuma ya fara sauka da sanyin safe.

Aikin farko shi ne na keken kansa. Ina da tsohon Phoenix na gado, irin mai birkin ƙarfe da giya ɗaya, wanda manoma suke ɗora wa buhun hatsi su tura shi zuwa kasuwa, kuma da farko shi na yi niyyar ɗauka saboda ƙwarinsa. Dattijon da ke yi mini gyara a unguwarmu ya hana ni, kuma ya yi mini bayanin da ban manta ba. Ya ɗaga ƙafar baya, ya juya feda sau ɗaya da hannu, ya ce in ƙirga zagayen taya, sai na ga ta zagaya kusan sau biyu da rabi, wato kowane juyi na ƙafata zai tura ni fiye da mita 5. Wannan yana da daɗi a shimfiɗaɗɗiyar hanya, amma a kan hawa gwiwar mutum ce take biyan bashin. Sai ya jawo wani keken hawan dutse na gwanjo mai faranti 3 a gaba da 7 a baya, ya saukar da sarƙa kan ƙaramin farantin gaba mai haƙori 28 da babban na baya mai haƙori 28, ya sake juya fedar, taya ta zagaya sau ɗaya tak, abin da bai wuce mita 2 da 'yan kai ba. Ya ce, “Ɗana, wannan ita ce giyar da za ta kai ka bisa dutse. Amma ba hawan nake jiye maka ba, saukowar nake jiye maka.”

Irin wannan keke muka saya guda biyu, kuma mun bar su a hannunsa kwana 4. Ya sauya wayoyin birki da robobinsu gaba da baya, ya ɗaure wayoyin wili da suka saki, ya zuba sabon boris da giris a cibiyar ƙafafu, sannan ya ɗaura wa kowanne kariyar ɗora kaya mai ƙarfi a baya. Ya kuma yi mana wata dabara ta masu keken karkara, wato ya tsaga tsohon tif ya shimfiɗa shi tsakanin taya da sabon tif domin rage hudar ƙaya. A jakar kayan gyara mun sa famfo, da tif 2 ga kowane mutum, da faci da sholisho, da sifana da filaya, da robar birki ta ajiya, da 'yar kwalbar man sarƙa. Sauran kayan kuwa gidan sauro ne da bargo mara nauyi, da tocila, da hular kwano, da dabino da ƙuli-ƙuli da garin kwaki da sukari, da ruwa lita 4 ga kowannenmu. Na kuma ƙulla gishiri da sukari daban saboda haɗin da ake yi wa wanda ruwan jikinsa ya ƙare, wato ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a cikin ruwa lita 1.

Mun ɗora kekunan a bisa motar haya muka bi hanyar Yola, ta Kumo da Billiri, muka sauka a Kaltungo da hantsi, Dutsen Kilang yana tsaye can gefe da tsininsa cikin hazo. Kafin mu taka feda sai da muka yi abin da abokin aikina ya fi nanata mini, wato neman izini. Ya riga ya yi wa wani kawunsa waya, shi kuma ya raka mu wajen mai unguwar ƙauyen da za mu fara ratsawa, muka durƙusa muka gaishe shi, muka faɗi sunayenmu da unguwarmu a Gombe da inda muka nufa. Ina ganin wannan mataki ya fi kowane kayan gyara muhimmanci, domin a wannan zamani baƙi biyu da jakunkuna da huluna suna ratsa bayan gari abin tuhuma ne, kuma mutane suna da haƙƙin su san ko su wane ne. Mai unguwar ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce, “Samari, ku bi hanyar da ƙafa ta riga ta taka, kada ku yanke ta gonar kowa ko da kun ga an girbe, kuma duk garin da kuka shiga ku fara da gaisuwa.” Ya sa wani yaro ya kira mai unguwar gaba ya sanar da shi zuwanmu, haka kuma aka riƙa miƙa mu daga hannu zuwa hannu har muka gama tafiyar.

Hanyoyin da mota ba ta bi a wannan yanki iri biyu ne, kuma kowace da halinta. Akwai turbar manoma, wadda faɗinta bai wuce taku ɗaya ba, ƙafa da tayar keke sun daddaɓe ta har ta yi santsi, tana lanƙwasa tsakanin gonakin dawa da gyaɗa da wake da riɗi, tana kewaye kowace ɗorawa da kaɗanya maimakon ta sare ta. Akwai kuma burtali, hanyar shanu mai faɗi, wanda yake da sauƙin ganewa amma yake da wuyar tuƙi, saboda kofato ya farfasa ƙasar tun tana ɗanya ta bushe da ramuka, ga yashi a duk inda ruwa ya taɓa kwanciya. A taswirar da ke cikin wayata babu ko ɗaya daga cikinsu, sai fili kawai da layin titin kwalta can nesa, don haka tambaya ce ta zame mana taswira. Na lura cewa idan ka tambayi mutum nisan wuri yakan ce “nan kusa ne”, saboda haka na koma tambayar abin da zan gani a hanya, sai a ce mini in bar kuka mai rami a hannun hagu, in tsallake busasshen rafi, idan na ga jerin giginya in ɗauki ta dama. Wannan irin kwatance bai taɓa ɓatar da mu ba.

Abin da ya fara shiga raina a wannan rana shi ne shirun. Ban da ƙarar sarƙa da murƙushewar karan dawa a ƙarƙashin taya, sai kukan kurciya da muryar mata masu sussuka daga nesa, kuma a karon farko cikin shekaru na iya tafiya kafaɗa da kafaɗa da ƙanena muna magana a duk inda hanya ta buɗe. Sai dai na gane da wuri cewa rashin mota bai mayar da hanyar tamu ba. Mace mai ɗauke da dami ba za ta iya kaucewa da sauri ba, jaki mai mangala ba ya ja da baya, garken shanu kuwa idan ya cika burtali sai mutum ya sauka ya tsaya gefe, ya yi wa makiyayin sallama, ya jira na ƙarshensu ya wuce, domin keke mai gudu yana firgita maruƙa su faɗa gonar da ba a kwashe harawarta ba, rigimar kuma ta faɗa kan makiyayin bayan kai ka yi gaba. Mun daina buga ƙararrawa tun a sa'a ta farko, muka koma yin sallama da baki daga nesa, saboda mun ga ƙararrawar tana sa tsofaffi zabura.

Ƙaya ta kama mu sau 2 kafin la'asar, duk da dabarar dattijon. Ta farko tsidau ce, wadda ke shimfiɗe a ƙasa ba a ganinta sai ta manne a taya, ta biyu kuwa ƙayar aduwa ce mai tsawon yatsa da ta shiga ta gefe. A nan na ga amfanin abin da aka koya mini, cewa kafin a mayar da tif sai an zagaya cikin taya da yatsa a hankali a cire guntun ƙayar, in ba haka ba sabon facin ma zai huje, kuma sai an bar sholisho ya sha iska ya daina sheƙi kafin a manna faci. Da muka zo zama don yin gyaran, ƙanena ya nufi wani tarin duwatsu a inuwa, sai wani manomi da ke ɗaure kara ya daka masa tsawa ya ce ya dawo fili. Ƙasar Kaltungo ta yi suna da kububuwa, macijiyar da wasu ke kira gobe-da-nisa, wadda launinta ya saje da ƙasa kuma take fakewa a ƙarƙashin duwatsu da tarin kara, shi ya sa ma aka kafa asibitin masu saran maciji a garin, inda ake kawo mutane har daga jihohin maƙwabta. Manomin ya ce idan tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau, a hana mutumin yawan motsi a garzaya da shi asibitin. Daga ranar ba mu sake cire takalmi sawu-ciki ba sai za mu yi alwala ko kwanciya, kuma ba mu taka ko'ina da dare ba sai da tocila.

Mun kwana a zauren mai unguwar wani ƙauye da ke gindin dutse. Gidan na Kirista ne, amma tun kafin mu tambaya aka kawo mana ruwa a buta da tabarma mai tsabta, aka nuna mana gabas, daga baya kuma uwargidan ta aiko da tuwon dawa da miyar kuka. Da safe na so in ba ta kuɗi ta ƙi karɓa, ta ce, “Ɗana, baƙo ba ya sayen tuwo a gidan nan.” Sai muka bar wa yara dabino da sukarin da muka rage.

Hawan ya fara ne da ƙarfe 6 da rabi na safe, sanyi yana cizon yatsu. Kashi na farko mun yi shi a kan sirdi da giyar nan ta 28 da 28, kuma a nan na fahimci cewa dole a sauya giya tun kafin hawa ya yi tsanani, domin idan ƙafa ta riga ta danne feda da ƙarfi sarƙa ba ta yarda ta sauka, sai dai ta yi ƙara ko ta zame. Na kuma koyi zama a kan sirdi in sunkuyar da ƙirji wajen kan keke, saboda da zarar na miƙe tsaye sai tayar baya ta rasa nauyi ta riƙa juyawa a kan tsakuwa a banza. Bayan kamar sa'a guda hanyar ta koma matakala ta duwatsu, wadda babu giyar da za ta hau ta, muka sauka muka riƙa turawa, wani wurin kuma sai mun kwance jaka mun haura da ita, mu dawo mu saɓa keken a kafaɗa. Ba na ganin turawa a matsayin kasawa, domin wanda ya dage sai ya hau abin da ba ya hawuwa yakan ƙare da tsinkakkiyar sarƙa a wurin da babu mai gyara.

A wannan tafiyar ta ƙafa ne na ga abin da ya fi tsaya mini a rai a duk kwanakin. Mutanen Tula sun yi wa jikin dutsen gonaki hawa-hawa, kowace an tokare ta da katangar duwatsu da aka jera ba siminti ba laka, tsayin wata bai kai gwiwa ba, wata kuma ta kai ƙugu. Na tsaya a gaban ɗaya na duba ta da kyau, na ga manyan duwatsu a ƙasa, ƙanana an cusa su a tsakani kamar haƙora, ga 'yan kafofi da aka bari don ruwa ya tsiyaye a hankali ya bar ƙasar a bayansa. Wani dattijo da muka tarar yana mayar da duwatsun da damina ta ture ya ce mini kakansa ya gaji katangar ne shi ma, kuma duk shekara sai an bi ta an gyara kafin ruwa ya sauka. Ya nuna mini inda hanyar ƙafa ta bi ta kan wata katanga, ya ce, “Malam, ku ɗaga kekenku a nan, kada taya ta ture mini dutse ɗaya, domin idan ɗaya ya fita sauran za su bi shi.” Mun ɗaga, kuma mun ci gaba da ɗagawa a duk inda muka ga irin wannan.

Mun isa Tula Wange bayan azahar, ƙafafunmu suna rawa. Iskar bisa tudun ta fi ta ƙasa sanyi, kuma daga bakin dutsen ana hango filin da muka ratso jiya shimfiɗe kamar tabarma, da ƙurar garken shanu tana tashi nan da can. Garin yana da tsohon tarihi na mulki, domin a zamanin Turawa nan ne mazaunin hukumar yankin Tangale-Waja, kuma gidan yarin da suka gina yana nan har yanzu. Mun kai gaisuwa inda aka umarce mu, muka kwana a gidan dangin abokin aikina, da yamma kuma muka ɗan zagaya ba kaya ta hanyoyin da suka nufi Baule da Yiri, waɗanda su ne sauran manyan sassan Tula. Wannan 'yar tafiyar ta yamma ita ce mafi daɗin tuƙi a duk kwanakin, gajeren hawa da gajeriyar gangara suna bin juna, rana tana faɗuwa ja cikin hazon hunturu.

Rana ta uku ita ce ta saukowa, kuma a nan maganar dattijon mai gyara ta tabbata. An nuna mana wata hanya dabam wadda ta fi ta jiya sauƙin matakala amma ta fi ta tsawon gangara. Ƙa'idar da aka ba ni ita ce in rage tsayin sirdi, in ja jikina baya, in riƙa kama birki biyu tare ina saki, ba in danne su gaba ɗaya ba, in kuma rage gudu tun kafin kwana, domin birkin gaba shi ne mai ƙarfin tsayarwa amma idan aka cafke shi a kan tsakuwa cikin kwana tayar takan zame nan take. Ni na bi wannan gwargwadon iyawata, amma ƙanena tsoro ya sa ya danne birkin baya tun daga sama bai saki ba. Birkin roba yana aiki ne ta hanyar gogar bakin wili, gogar kuma zafi take haifarwa, zafin ya ratsa ƙarfen ya kai ga tif. Muna tsakiyar gangara na ji ƙara kamar ta bindiga a bayana, na waiwaya na gan shi a ƙasa, keken ya kwanta a gefe.

Na jingine nawa na hau da gudu. Ya ce, “Hamma, ban ji ciwo sosai ba, gwiwa ce da tafin hannu.” Hular kwanonsa ta daki dutse har ta yi zane mai zurfi a gefe, kuma na daɗe ina kallon wannan zanen ina tunanin abin da zan faɗa wa mahaifiyarmu da a ce ba ya sanye da ita. Na wanke masa ƙujewar da ruwan shanmu na ɗaure da bandeji. Da na taɓa wilin baya sai na janye hannu saboda zafi, robar birkin kuwa ta cinye har ta kusa kai ƙarfe, tif ɗin ya tsage tsawon tafin hannu ta yadda faci ba zai riƙe shi ba. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai, domin ni ne babba, kuma ni aka yi wa bayanin, ya kamata in tsayar da mu tun a sama in tabbatar ya gane, in kuma riƙa tsayawa muna barin wili ya huce.

Mun zauna a fili kusan rabin sa'a har ƙarfen ya yi sanyi, muka sa sabon tif da robar birkin ajiya. Ragowar gangarar mun yi ta ne kashi-kashi, mu sauko kaɗan mu tsaya in taɓa wilin kowannenmu da bayan hannu, inda kuma ta yi tsanani mu sauka mu riƙe kekunan mu taka. Wasu mata 3 masu ɗauke da itace, waɗanda muka wuce tun a sama, sun riske mu sun wuce mu, babbar cikinsu ta dubi bandejin ta ce, “Sannu, ɗana, Allah ya kiyaye gaba,” ta kuma gaya mana cewa akwai rijiya a ƙauyen da ke ƙasa idan ruwanmu ya ƙare. Ruwan kuwa ya ƙare, domin wankin ciwon ya ci kusan lita guda, kuma a rijiyar muka cika gorunanmu, na yi wa ƙanena haɗin gishiri da sukari saboda ya fara jin jiri.

Mun shiga Kaltungo gab da magariba ta turbar da muka fita, muka fara biyawa wajen mai unguwar da ya sallame mu domin ya san mun sauko lafiya, shi kuma ya sa aka kira na gaba aka sanar da shi. Mota ta ƙarshe mai zuwa Gombe ta riga ta cika, don haka muka kwana a gidan kawun abokin aikina, da asuba muka ɗaure kekunan a bisa ta farko. Da na mayar wa dattijon mai gyara da su, ya karɓi tsagaggen tif ɗin da cinyayyar robar ya jujjuya su a hannunsa, ya tambaye ni ko a wace ƙafa ce, na ce ta baya. Ya rataye su a ƙusa a bangon rumfarsa, ya ce zai riƙa nuna wa masu zuwa sayen keken dutse, sannan ya ce in dawo ranar Asabar a sauya wa ƙanena wilin, domin zafin ya ɗan karkatar da shi.